Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata: Falken Da Ya Haɗa Goro Da Kayan Adon Mata

Duk wanda ya ratsa kasuwar Agbogbloshie ko layukan Nima da Maamobi a birnin Akara, ya ga teburan turare da lalle da tozali da man kaɗanya, zai iya ɗauka ƙaramar sana'a ce. To amma mutumin da aka taɓa lasafta shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma, da irin waɗannan ƙananan kayan ado ya ƙarfafa jarinsa.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce ita ma, sai ta koma Akara da zama, ta bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Daga nan ne sunan Ɗantata ya samo asali.

Yana matashi ya bi ayarin Gwanja ya iske mahaifiyarsa, ya ga yadda ake ciniki a bakin teku. Bayan ya koma gida, Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya rutsa da shi, har aka kama shi, daga baya ya samu kansa. Bai karaya ba, ya sake komawa kan hanya.

A wancan zamani ayarin jakuna kan kwashe watanni tsakanin Gwanja da Kano, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, goro kuma ba ya jiran kowa. Wajen 1906 sai Alhassan ya fara loda goronsa a jirgin ruwa daga Akara da Sekondi zuwa Ikko. Bai tsaya kan goro kaɗai ba, ya haɗa da duwatsun wuya da sarƙoƙi da yadin Turawa. Irin wannan kaya ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, kuma muddin ana biki ana suna, ba ya rasa mai saye.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, Alhassan yana da jari da yara a hannu. Ya zama babban dillalin kamfanonin Turawa. A 1929, lokacin da wani bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20.

Allah Ya yi masa rasuwa a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955. Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa kunnensa ne ta wajen uwa.

A yau hanya ta sake juyawa. Man kaɗanyar da matan arewacin Gana ke haɗawa ya shiga kayan shafe-shafen Turai da Amurka. Kamfanin The Body Shop ya fara saye daga wajensu tun 1994. Tambayar da ke gaban ɗan kasuwar kan iyaka ita ce wadda Ɗantata ya amsa tun tuni: wa zai riga gane sabuwar hanya, shi ko wani? Allah Ya jiƙan sa da rahama, amin.