Wilt Chamberlain: Dogon da aka ce tsufansa na hana Lakers ci gaba

A daren 5 ga watan Mayun 1969, a birnin Los Angeles na Amurka, Wilt Chamberlain ya kalli mintunan ƙarshe na wasan neman kofin NBA yana zaune a benci, yana da shekara 32.

Ya fita ne saboda ciwon gwiwa ana saura kusan minti shida a tashi, a karawa ta bakwai kuma ta ƙarshe tsakanin ƙungiyarsa Lakers da Boston Celtics.

Da fitarsa sai abokan wasansa suka taso wa Boston har tazarar ta koma maki ɗaya tak. Ya nemi a mayar da shi fili, amma kociyansa, Butch van Breda Kolff, ya ƙi. Boston ta yi nasara da ci 108 da 106.

Daga wannan dare aka shiga muhawara a kan ko ɗan wasan da ya fi kowa cin maki a tarihin ƙwallon kwando zuwa lokacin ya zama kaya a kan ƙungiyarsa.

Irin wannan muhawara ba baƙuwa ba ce ga 'yan kallon dambe da kokawa a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda akan yi gardama a kan ko tsohon gwani zai ci gaba da riƙe fage ne ko kuwa lokaci ya yi da zai sakar wa yaransa. Bambancin shi ne a ƙwallon kwando mutum biyar ne ke fili a lokaci ɗaya, don haka raunin mutum guda kan shafi kowa.

Ƙuruciya

An haifi Wilton Norman Chamberlain ranar 21 ga watan Agustan 1936 a birnin Philadelphia, a gidan baƙar fata masu ƙaramin ƙarfi da ke da 'ya'ya tara.

Yana yaro ya yi fama da ciwon huhu mai tsanani wanda ya kusa hallaka shi, har ya rasa shekara guda a makaranta.

Guje-guje da tsalle-tsalle ne suka fara jan hankalinsa, amma tsawonsa ya kai shi ga ƙwallon kwando a makarantar sakandare ta Overbrook. Da ya gama girma tsayinsa ya kai ƙafa bakwai da inci ɗaya, wato kimanin mita 2.16.

A 1955 ya shiga Jami'ar Kansas. A 1957 ya kai ta wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka, inda Jami'ar North Carolina ta doke su da ci 54 da 53 bayan an yi ƙarin lokaci har sau uku.

An zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa a gasar, amma kofi ya tafi wani wuri. Wannan shi ne abin da ya yi ta maimaituwa a rayuwarsa shekaru goma bayan haka.

Ya bar jami'a a 1958 ya shiga Harlem Globetrotters, ƙungiyar da ke yawon nishaɗantar da jama'a da ƙwallon kwando, kuma yana cikin tawagarta da ta yi wasa a Mosko a 1959.

Maki ɗari

A 1959 ya fara wasa a gasar NBA da ƙungiyar Philadelphia Warriors. A kakarsa ta farko ya riƙa cin maki 37.6 a kowane wasa idan aka yi ƙiyasi, kuma aka ba shi kyautar gwarzon shekara.

A kakar 1961 zuwa 1962 ƙiyasin ya kai maki 50.4 a kowane wasa, jimilla 4,029.

Ranar 2 ga watan Maris na 1962, a garin Hershey na jihar Pennsylvania, ya ci maki 100 shi kaɗai a wasan da Warriors ta doke New York Knicks da ci 169 da 147. Mutum 4,124 ne suka kalli wasan a fili, kuma ba a nuna shi a talabijin ba.

Ƙarfinsa a gindin kwando yana cikin dalilan da suka sa a 1964 hukumar gasar ta faɗaɗa layin da ke gaban kwando daga ƙafa 12 zuwa 16, domin a nesanta dogayen 'yan wasa da raga.

Shekara bakwai a jere, daga 1960 zuwa 1966, babu wanda ya kai shi cin maki. A duk shekarun nan bakwai Boston ce ta ɗauki kofi, a ƙarƙashin jagorancin Bill Russell, wanda ya fi ba da ƙarfi ga tsare gida da raba ƙwallo.

Masu suka sun riƙa cewa idan komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya, sauran huɗun sukan zama 'yan kallo. Warriors, wadda ta koma San Francisco a 1962, ta sayar da shi ga Philadelphia 76ers a watan Janairun 1965, a kakar da ta ƙare da nasara 17 kacal a wasanni 80.

Kofin farko

Sauyi ya zo a 1966 lokacin da Alex Hannum ya karɓi aikin horar da 76ers, ya kuma shawo kan Chamberlain ya rage jifa, ya ƙara miƙa ƙwallo.

Makinsa ya sauka zuwa 24.1 a kowane wasa, amma ƙungiyar ta ci wasa 68, aka doke ta a 13 kawai. Ta fitar da Boston da ci huɗu da ɗaya, abin da ya kawo ƙarshen shekaru takwas a jere na mulkin Celtics, sannan ta doke San Francisco ta ɗauki kofin 1967.

A kaka mai bi ya fi kowa a gasar yawan miƙa ƙwallon da aka jefa kwando, har sau 702. Sai dai Boston ta rama a 1968, bayan 76ers ta riga ta shiga gaba da ci uku da ɗaya.

A watan Yulin shekarar aka mayar da shi Los Angeles Lakers, inda mai ƙungiyar, Jack Kent Cooke, ya haɗa shi da manyan taurari biyu, Jerry West da Elgin Baylor.

Shekarun suka

Haɗuwar ba ta yi armashi ba da farko. Chamberlain ya saba tsayawa dab da kwando, wurin da Baylor ke bi idan zai kutsa, kuma kociya van Breda Kolff yana son ya matsa waje ya buɗe hanya. Sun shafe kakar suna sa-in-sa.

Bayan abin da ya faru a daren 5 ga Mayu kociyan ya bar aiki. Russell ma ya soki fitar da Chamberlain ya yi daga fili, abin da ya raba abotarsu fiye da shekara 20 kafin Russell ya nemi afuwa suka shirya.

A watan Nuwamban 1969 jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke. Wasa 12 kawai ya buga a zagayen farko na kakar, amma ya dawo a kan kari ya taimaka aka kai wasan ƙarshe na 1970, inda New York Knicks ta yi nasara da ci huɗu da uku.

A 1971 Milwaukee Bucks ce ta fitar da Lakers, da matashin dogo Lew Alcindor, wanda ya musulunta kuma duniya ta san shi da Kareem Abdul-Jabbar. Chamberlain ya girme shi da kusan shekara 11.

Hujjar masu suka tana da ƙarfi a lokacin. Yana cikin masu karɓar albashi mafi tsoka a gasar, an yi masa aiki a gwiwa, gudunsa ya ragu, kuma kusan rabin bugun laifin da yake samu yana zubar da shi. Shekara uku da zuwansa babu kofi, kuma manyan taurarin ƙungiyar uku duk sun haura shekara 30.

Kakar 1971 zuwa 1972

A 1971 Lakers ta ɗauko Bill Sharman, tsohon ɗan wasan Boston wanda ya yi wasa tare da Russell. Abin da ya nema daga Chamberlain shi ne ya yi irin aikin da tsohon abokin hamayyarsa ke yi: ya tare jifan abokan karawa, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, ya cilla ta nan take ga masu gudu.

Sharman ya kuma ɓullo da ɗan atisayen safe a ranar wasa, abin da ba a zaci mutumin da aka sani da raba dare da baccin safe zai yarda da shi ba. Chamberlain ya yarda.

Bayan wasa tara, Baylor, mai shekara 37 kuma mai fama da raunuka, ya yi ritaya. Matashi Jim McMillian, ɗan shekara 23, ya gaje shi, Chamberlain kuma ya zama kyaftin.

Ranar 5 ga watan Nuwamban 1971, a wasan farko bayan tafiyar Baylor, Lakers ta doke Baltimore. Ba a sake doke ta ba sai ranar 9 ga watan Janairun 1972 a Milwaukee, bayan ta ci wasa 33 a jere, bajintar da har yau babu ƙungiyar NBA da ta kamo.

Ta ƙare zagayen farko da nasara 69, abin da ba a wuce ba sai a 1996 a hannun Chicago Bulls.

Chamberlain ya buga dukkan wasanni 82. Makinsa 14.8 ne a kowane wasa, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da yake ci shekara goma baya, amma babu wanda ya kai shi cafe ƙwallo. West da Gail Goodrich ne suka riƙa cin kusan maki 26 kowannensu.

Lakers ta fitar da Milwaukee da ci huɗu da biyu. Ranar 7 ga watan Mayun 1972, da hannu a naɗe saboda rauni, Chamberlain ya ci maki 24 ya cafe ƙwallo 29, Lakers ta doke Knicks da ci 114 da 100.

Shi ne kofinta na farko tun komawarta Los Angeles daga Minneapolis a 1960, kuma Chamberlain, yana da shekara 35, shi aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshe.

Kaka ɗaya ta ba da misali biyu. Tafiyar tauraro guda wanda jikinsa ya gaza ta buɗe wa matashi hanya, ƙungiya kuma ta ƙara gudu. Ɗaya tauraron, wanda shekara biyu kawai ke tsakaninsu, ya zauna ya sauya aiki, ya zama ginshiƙin nasarar.

Bayan tafiyarsa

A kakarsa ta ƙarshe, 1972 zuwa 1973, kashi 72.7 cikin 100 na jifansa sun shiga kwando, matsayin da ya wuce shekara 40 ba a karya ba. Lakers ta ci wasa 60 ta sake kai wa wasan ƙarshe, amma Knicks ta rama.

A 1973 ya koma San Diego Conquistadors ta gasar ABA da niyyar yin wasa da horarwa a lokaci ɗaya. Lakers ta kai ƙara, aka hana shi buga wasa, ya yi kaka ɗaya yana horarwa sannan ya ajiye.

Ba tare da shi ba Lakers ta ci wasa 47 a kakar 1973 zuwa 1974. Bayan ritayar West ta faɗo zuwa 30, ta kasa shiga zagayen fitar da gwani. A 1975 sai da ta nemo Abdul-Jabbar domin cike gurbin.

Tambayar da aka yi a kan Chamberlain ta sake tasowa a kan wasu. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas wanda ya ciwo wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995, ya koma Toronto a 2001 yana da shekara 38, ya yi kaka ɗaya ya daina.

Ita kanta Lakers ta sabunta kwantiragin Kobe Bryant a 2013 a kan dala miliyan 48.5 na shekara biyu. A kakarsa ta ƙarshe, 2015 zuwa 2016, ya ci gaba da zama babban mai jifa na ƙungiyar, ita kuwa wasa 17 ta ci cikin 82.

Ƙarshen rayuwa

Bayan ritaya Chamberlain ya karkata ga ƙwallon raga da harkokin kasuwanci, ya kuma fito a fim ɗin Conan the Destroyer a 1984 tare da Arnold Schwarzenegger.

Bai taɓa aure ba, kuma iƙirarin da ya yi a wani littafinsa na 1991 game da mu'amalarsa da mata ya jawo masa suka mai yawa.

A shekaru 14 da ya yi a NBA ya buga wasa 1,045, ya ci maki 31,419, ya cafe ƙwallo 23,924, kuma ba a taɓa fitar da shi daga fili saboda cikar laifuka shida ba. Sau huɗu yana zama gwarzon shekara.

Abdul-Jabbar ya wuce shi a jimillar maki a 1984, amma adadin ƙwallon da ya cafe yana nan babu wanda ya kai. A 1996 an sa shi cikin 'yan wasa 50 mafiya shahara a tarihin gasar, tare da Russell da West da Baylor da Olajuwon.

Ya rasu sakamakon ciwon zuciya a gidansa da ke unguwar Bel-Air a Los Angeles ranar 12 ga watan Oktoban 1999, yana da shekara 63.

Kofi biyu ya ɗauka a rayuwarsa, na 1967 da na 1972, kuma duka biyun sun zo ne a shekarun da ba shi ne ya fi kowa cin maki a gasar ba.