Andrew Foster: Kurman da ya buɗe wa kuramen Afirka ƙofar aji

An haifi Andrew Jackson Foster a ranar 27 ga Yunin 1925 a Ensley, wata unguwar ma'aikata da ke birnin Birmingham a jihar Alabama ta Amurka. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi. Ya tashi daga jinya da ransa, amma ji ya tafi har abada. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin duk wanda ya san annobar 1996 a Kano ya san yaran da ta bari da kurumta.

A Alabama ta wancan zamani, hatta nakasa sai da aka raba ta bisa launin fata. Foster ya yi karatu a makarantar kurame da makafi baƙar fata da ke Talladega, wadda karatunta bai da nisa. Daga nan ya koma Detroit, yana aiki yana neman ƙarin ilimi, har ya samu shiga kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washington. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri a can.

Foster ɗan mishan ne, kuma bai taɓa ɓoye cewa wa'azin Kirista ne ya ja shi zuwa Afirka ba. A 1956 ya kafa ƙungiyarsa ta mishan domin kuramen Afirka, a 1957 kuma ya buɗe makaranta a unguwar Osu da ke Accra, cikin ajin aro. Ya iso Ibadan a 1960, sannan Enugu da Kaduna suka biyo baya. A Najeriya ya auri Berta, Bajamushiya wadda ita ma kurma ce. Kafin ƙarshen rayuwarsa ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu taimako shi ne bai ɗauki kurma a matsayin abin tausayi ba. A lokacin da makarantu da dama ke tilasta wa yara karanta leɓe da kwaikwayon furuci, shi ya shigar da hannu cikin aji, ya horar da kurame su zama malamai, ya tura wasu Gallaudet. Sai dai hannun da ya kawo na Amurka ne. Kuramen Kano suna da nasu harshe, maganar hannu, wanda ya girmi kowace makaranta, har da sarautar Sarkin Bebaye. Amma makarantu, ciki har da ta gwamnati da ke Tudun Maliki a Kano, sun ginu ne bisa tsarin da ya samo asali daga Amurka. Yaro kan koyi hannu ɗaya a kasuwa, ya tarar da wani a aji.

Nisa ma matsala ce da Foster bai warware ba, gwamnatoci kuma suka gada. Makarantun musamman a birane suke. Yaron da zazzaɓi ya ɗauke wa ji a Toranke, can cikin ƙaramar hukumar Ajingi, ko dai a raba shi da gida a kai shi Kano, ko ya zauna a firamaren garinsu yana kallon bakin malami, ko kuma a ce ba ya ganewa a cire shi. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba irin wannan yaro 'yancin karatu kyauta har sakandare. Malamin da zai iya magana da shi kuwa, sai kasafin kuɗi da kwalejojin horar da malamai sun samar da shi.

Foster ya rasu a ranar 3 ga Disamban 1987, lokacin da ƙaramin jirgin saman da ya hau ya faɗi a Ruwanda. Shekarunsa 62.