Syd Barrett

Roger Keith Barrett, wanda aka fi sani da Syd Barrett (an haife shi 6 ga Janairu, 1946, ya rasu 7 ga Yuli, 2006), mawaƙi ne, makaɗin gita, marubucin waƙoƙi kuma mai zane ɗan ƙasar Ingila. Yana cikin mutanen da suka kafa ƙungiyar kiɗan rock ta Pink Floyd a shekarar 1965. Shi ya raɗa mata suna, kuma shi ya jagorance ta a shekarunta na farko. Ya bar ƙungiyar a 1968 bayan halayyarsa ta sauya, ya daina harkar waƙa gaba ɗaya a 1974, sannan ya yi sauran rayuwarsa nesa da idon jama'a. Abin da ya same shi na cikin abubuwan da aka gina fim ɗin Pink Floyd – The Wall na 1982 a kansu, wanda ke ba da labarin wani mawaƙi da ya killace kansa har hankalinsa ya gushe.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Barrett a birnin Cambridge, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa, Arthur Max Barrett, likita ne mai binciken cututtuka, kuma mai sha'awar kiɗa. Tun yana yaro Barrett ya nuna baiwar zane, daga baya ya koyi kaɗa gita. Mahaifin ya rasu sakamakon ciwon daji a watan Disamba na 1961, saura wata guda yaron ya cika shekara 16.

Ya yi makarantar sakandare ɗaya da Roger Waters a Cambridge. A 1962 ya shiga sashen zane na kwalejin fasaha ta garin, inda suka shaƙu da David Gilmour suna koyon gita tare. A 1964 ya tafi Landan karatun zane a kwalejin Camberwell.

Pink Floyd

A Landan ya haɗu da ƙungiyar da Waters ke ciki tare da Nick Mason da Richard Wright, waɗanda suka san juna a wajen karatun zanen gine-gine. Ƙungiyar ta sha canza suna kafin Barrett ya haɗa sunayen wasu mawaƙan blues biyu na Amurka, Pink Anderson da Floyd Council, ya fitar da Pink Floyd. Daga ƙarshen 1966 suka yi suna a gidan rawa na UFO, inda suke dogon kiɗa ba tare da tsayayyen tsari ba, ana haska su da fitilu masu launi iri-iri. Barrett yakan goga laitar kunna sigari a kan tsirkiyar gita, ya bi da sautin ta na'urar amsa-kuwwa, ya fitar da amon da masu sauraro ba su saba ji ba.

Kamfanin EMI ya ɗauke su a 1967. Waƙoƙinsu biyu na farko, Arnold Layne da See Emily Play, duk Barrett ne ya rubuta su, kuma ta biyun ta kai mataki na 6 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. A watan Agusta na shekarar suka fitar da kundinsu na farko, The Piper at the Gates of Dawn, wanda aka naɗa a sutudiyon Abbey Road. Cikin waƙoƙi 11 da ke kundin, shi kaɗai ya rubuta 8, ya kuma sa hannu a wasu biyu. Waƙoƙin nasa cike suke da tatsuniya, da dabbobi, da taurari, da wasa da kalmomi irin na littattafan yara, kuma yana rera su da karin harshen Ingila a lokacin da yawancin sa'o'insa ke kwaikwayon Amurkawa.

Sauyin hali da barin ƙungiya

A tsakiyar 1967 na kusa da shi suka fara ganin canji. Yana yawan shan ƙwayar LSD, mai jirkita gani da tunani, ga kuma wasanni a jere da matsin lambar fitar da sabuwar waƙa mai kasuwa. A kan dandamali yakan tsaya yana kaɗa sauti ɗaya har a tashi, ko ya riƙa sassauta tsirkiyar gitarsa, ko ya ƙi taɓa ta sam. A rangadin da suka yi a Amurka a ƙarshen shekarar, an yi hira da shi a talabijin ya ƙura wa mai tambaya ido ba tare da amsa ta kirki ba.

Sauran suka gayyato Gilmour don ya riƙa cike gurbinsa, suka yi 'yan wasanni su biyar. Ranar 26 ga Janairu, 1968, a kan hanyarsu ta zuwa wasa a Southampton, suka yanke shawarar kada su biya su ɗauke shi. An sanar da fitarsa a hukumance ranar 6 ga Afrilu. Manajojin ƙungiyar, Peter Jenner da Andrew King, sun bi Barrett ne suka bar sauran, don a ganinsu shi ne mai basirar. Waƙarsa ɗaya ce kawai, Jugband Blues, ta shiga kundi na biyu.

Ayyukansa shi kaɗai

Ya fitar da kundi biyu a 1970, The Madcap Laughs a Janairu da Barrett a Nuwamba. Gilmour ya taimaka wajen shirya su duka, Waters ya taimaka a na farko, Wright a na biyu. Aikin ya yi wuya saboda da ƙyar yake rera waƙa sau biyu iri ɗaya. A 1972 ya shiga wata ƙaramar ƙungiya mai suna Stars a Cambridge, wadda ta watse bayan 'yan wasanni. Yunƙurin ƙarshe na naɗar waƙa a Abbey Road a 1974 bai haifar da komai ba.

Ziyarar 1975 da fim ɗin The Wall

Ranar 5 ga Yuni, 1975, Pink Floyd na cikin aikin kundin Wish You Were Here, wani mutum mai ƙiba, wanda ya aske kansa da girarsa ƙwal, ya shigo sutudiyon. An ɗauki lokaci kafin su gane Barrett ne. Waƙar da suke aiki a kanta, Shine On You Crazy Diamond, a kansa aka rubuta ta. Waters ya yi kuka da ya gane shi. Kusan wannan ne ganin ƙarshe da yawancinsu suka yi masa.

A 1979 ƙungiyar ta fitar da The Wall, kundin da waƙoƙinsa ke ba da labari guda daga farko har ƙarshe. A 1982 aka mayar da shi fim: Alan Parker ya ba da umarni, Waters ya rubuta labarin, Gerald Scarfe ya yi zanen katun, Bob Geldof ya fito a matsayin tauraron, mai suna Pink. Kusan babu zance a fim ɗin, waƙoƙi da hotuna ne ke ɗauke da labarin. Pink ya kulle kansa a ɗakin otal a Los Angeles yana tuna abubuwan da suka zame masa tubalin katangar da ya gina tsakaninsa da mutane: uban da ya mutu a yaƙi, uwa mai yawan tsaro, malamai masu wulaƙanci, aure da ya lalace.

Yawancin wannan tarihin na Waters ne, wanda mahaifinsa ya mutu a yaƙin Anzio a Italiya a 1944. Amma siffar rugujewar ta Barrett ce. Wurin da Pink ke zaune gaban talabijin sigari na cinyewa a yatsunsa bai motsa ba, da wurin da ya shiga banɗaki ya aske girarsa da gashin jikinsa, sun yi daidai da abin da abokan Barrett suka gani gare shi. Sai dai fim ɗin ya kai Pink ga mafarkin zama shugaban 'yan kama-karya mai tunzura taro, abin da ba shi da alaƙa da rayuwar Barrett. Masu kallo da yawa sun haɗa mutanen biyu, kuma hakan ya ƙara kafa masa sunan gwanin da ya haukace.

Komawa Cambridge

A ƙarshen shekarun 1970 kuɗinsa ya ƙare a Landan, ya koma gidan mahaifiyarsa. Ya sake zuwa Landan a 1982 na 'yan makonni, sannan ya tako da ƙafa zuwa Cambridge, tafiyar kusan kilomita 80. Ya ajiye sunan Syd ya koma amsa Roger. Ya koma zane, yana kula da lambu, yana gyare-gyaren gida, yana zuwa kanti a keke. Sau da yawa idan ya gama zane yakan ɗauki hotonsa sannan ya lalata shi. Bai yi aure ba. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1991 ya ci gaba da zama shi kaɗai, ƙanwarsa na kula da shi. 'Yan jarida da masoya sun riƙa zuwa ƙofar gidansa suna ɗaukar hotonsa a titi, ko da yake ba ya son a tuna masa da zamanin waƙa. Gilmour ya tabbatar kason kuɗin waƙoƙinsa na isa gare shi.

An yi saɓani kan ainihin abin da ya same shi. Waters na ganin cutar sikizofireniya ce. Gilmour na ganin matsalar za ta zo ko babu ƙwaya, ƙwayar dai ta gaggauta ta. Ƙanwarsa, wadda ta fi kowa zama da shi a shekarunsa na ƙarshe, ta musanta cewa yana da taɓin hankali, ta bayyana shi a matsayin mutum mai hali na daban da ke son a ƙyale shi.

Rasuwa

Barrett ya yi fama da ciwon sukari da gyambon ciki na tsawon shekaru. Ya rasu a gidansa a Cambridge ranar 7 ga Yuli, 2006, sakamakon ciwon dajin pankiriyas, yana da shekara 60. Ya bar wa 'yan uwansa dukiyar da ta kai kusan fam miliyan 1.7, akasarinta daga kuɗin waƙoƙinsa. Tun a 1996 aka shigar da sunansa zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame tare da sauran 'yan Pink Floyd, bikin da bai halarta ba. David Bowie na cikin mawaƙan da suka bayyana cewa salonsa ya yi tasiri a kansu, kuma ya sake rera See Emily Play a kundinsa na 1973.