Henri Dunant, Ɗan Kasuwar da Ya Koma Mai Agaji

An haifi Henri Dunant a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan ranar 8 ga Mayu, 1828. Iyayensa masu hali ne, kuma sun saba taimakon marayu da marasa lafiya. Tun yana saurayi ya bi sawunsu. Yakan ziyarci fursunoni da matalauta, ba a biyansa ko kwabo. Bai yi fice a makaranta ba, amma wannan aikin sa kai ya koya masa tausayi da juriya.

Da ya girma sai ya shiga kasuwanci a Aljeriya. A watan Yunin 1859 ya tafi Italiya don ya ga Sarkin Faransa, Napoleon na Uku, a kan harkar kamfaninsa. Zuwansa ya zo daidai da ƙazamin yaƙin da sojojin Faransa da ƙawayensu suka gwabza da na Ostiriya a Solferino. Dubban sojoji suna kwance cikin jini, babu mai ba su ko ruwa.

Dunant ba likita ba ne, kuma ba wanda ya sa shi. Duk da haka ya ajiye abin da ya kawo shi, ya tara matan wani gari da ke kusa, suka shiga wanke raunuka da ciyar da majinyata. Bai bambanta sojan wannan ɓangare da na wancan ba.

A 1862 ya wallafa littafi a kan abin da ya gani, inda ya ba da shawarar kowace ƙasa ta horar da 'yan sa kai tun kafin yaƙi. Daga nan aka kafa ƙungiyar Red Cross a 1863.

Kasuwancinsa ya durƙushe a 1867, ya bar Jeniba, ya daɗe cikin talauci. A 1901 ya zama ɗaya daga cikin mutum biyu da aka fara ba kyautar Nobel ta zaman lafiya. Bai kashe kuɗin a kan kansa ba. Ya rasu a garin Heiden a 1910.

Halin da Dunant ya nuna a Solferino, tun a gidan yari da gidajen matalauta ya koyo shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.