Peter Medawar

Sir Peter Brian Medawar (28 ga Fabrairu, 1915 – 2 ga Oktoba, 1987) masanin kimiyyar halittu ne ɗan Birtaniya. Ya yi fice da nuna cewa ana iya koya wa garkuwar jiki ta daina faɗa da wani abu guda ba tare da an raunana ta gaba ɗaya ba. A 1960 ya samu kyautar Nobel tare da Frank Macfarlane Burnet na Ostareliya.

Farkon rayuwa

An haife shi a Brazil. Mahaifinsa ɗan asalin Labanan ne, mahaifiyarsa kuma Baturiyar Ingila. Ya karanta ilimin dabbobi a Jami'ar Oxford.

Bincike

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya duƙufa kan matsalar waɗanda suka ƙone. Shi da likita Thomas Gibson sun lura a Glasgow cewa fatar da aka ɗebo daga jikin majinyaci tana kamawa, ta wani mutum kuwa takan lalace. Idan aka sake dasa fatar mutumin nan, lalacewar takan fi sauri. Wannan ya nuna garkuwar jiki ce ke gane baƙon abu, kuma ba ta mantuwa.

Daga baya ya yi dashen fata tsakanin tagwayen maruƙa, sai ya ga har waɗanda ba su yi kama ba suna karɓar fatar juna, saboda jininsu ya gauraya tun a cikin uwa. A 1953, shi da Rupert Billingham da Leslie Brent suka sa wa ɓerayen da ba a haifa ba ƙwayoyin jikin wasu ɓeraye. Da suka girma, sun karɓi fatar waɗancan ɓeraye, amma suka ƙi ta saura.

Tasiri

Garkuwar jiki tana gane abu ta wasu alamomi da ake kira antijen. Wani lokaci takan rikice ta afka wa antijen ɗin jikin mutum da kansa, kamar a ciwon sukari nau'i na 1. Magungunan da aka saba bayarwa a irin waɗannan cututtuka sukan danne garkuwa baki ɗaya, abin da ke buɗe wa tarin fuka da makamantansa ƙofa. Shi ya sa masana ke gwada ba majinyaci antijen ɗin jikinsa, kamar insulin, domin garkuwa ta saba da shi ta ƙyale shi. Hanyar ta fi nasara a dabbobi fiye da mutane, kuma ana ci gaba da gwaji.

Ƙarshen rayuwa

Ya shugabanci Cibiyar Binciken Likitanci ta Ƙasa da ke Landan daga 1962. A 1969 ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, amma bai bar bincike da rubutu ba. Ya rasu a Landan yana da shekara 72.