Marie Curie: Matar da ta gano radiyam a rumfa mai yoyo

A ɗakin karatu na ƙasar Faransa da ke birnin Faris, akwai wasu littattafan rubutu da aka adana cikin akwatuna masu shafen dalma. Duk mai son duba su sai ya sa hannu cewa ya san haɗarin da ke ciki. Na Marie Curie ne, kuma har yau suna fitar da tururin radiyam ɗin da ta yi aiki da shi fiye da shekara ɗari da suka wuce.

An haife ta a Warso ta ƙasar Folan ranar 7 ga Nuwamba, 1867, da sunan Maria Sklodowska. A zamanin, Rasha ce ke mulkin yankin, kuma jami'ar birnin ba ta karɓar mata. Ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu hali domin ta tallafa wa karatun yayarta, kafin ita ma ta isa Faris a 1891 ta shiga Jami'ar Sorbonne. A 1895 ta auri masanin kimiyya Pierre Curie.

A 1898 ma'auratan suka bayyana gano sinadarai biyu, poloniyam, wanda ta raɗa wa suna don tunawa da ƙasarta, da kuma radiyam. Sai dai masana ba za su gamsu ba sai sun ga sinadarin a zahiri. Wurin da suka samu don wannan aiki wata tsohuwar rumfa ce da ɗaliban likitanci suka taɓa feɗe gawa a ciki. Rufin gilashinta na yoyo, da rani zafi, da hunturu sanyi mai ratsa ƙashi.

Babban aibin rumfar shi ne ba ta da mazuƙar hayaƙi. A ɗakin gwaji na yau, duk aikin da ke fitar da iska mai guba ana yin sa ne cikin akwati mai ƙofar gilashi, inda fanka ke jan iskar ta bi bututu ta fice ta saman gini, ba tare da ta bi ta hancin ma'aikaci ba. Ita kuwa Marie sai dai ta fitar da tukwanenta tsakar gida idan gari ya yi kyau, in ana ruwa ta koma ciki ta buɗe tagogi. Takan dafa kilo 20 na dakakken dutsen yuraniyam a lokaci guda, wanda aka kawo daga ma'adinan Bohemiya, ta wuni tana juya shi da sandar ƙarfe da ta kusa kai tsawonta, hayaƙin asid na turnuƙe ta. Ga kuma abin da hanci ba ya ji: radiyam na sakin iskar radon, wadda ke taruwa a ɗakin da iska ba ta kewayawa.

A 1902, bayan ta narkar da tan-tan na dutse, ta samu kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyam. Lambar Nobel ta biyo baya a 1903, tare da mijinta da Henri Becquerel. Pierre ya rasu a 1906 bayan keken doki ya take shi, ita kuma ta sake samun lambar a 1911, ita kaɗai.

Tun a rumfar yatsunta suka ƙone suka tsattsage, gajiya kuma ta zame wa ma'auratan abokiyar zama. Ba adalci ba ne a zarge ta da sakaci a wancan lokaci, domin babu wanda ya san girman haɗarin. Amma ko daga baya, da ma'aikatan radiyam suka fara mutuwa a Faransa da Amurka cikin shekarun 1920, ta yi nauyin baki wajen amincewa cewa abin da ta gano yana kisa. Duk da haka, a Cibiyar Radiyam da ta jagoranta an riƙa gwada jinin ma'aikata, ana kuma kāre su da allunan dalma. Ita kanta ba ta cika bin ƙa'idojin ba.

An yi mata aikin yanar ido har sau da dama. Ranar 4 ga Yuli, 1934, ta rasu tana da shekara 66, bayan ɓargonta ya daina samar da jini. 'Yarta Irène, wadda ita ma ta ci lambar Nobel, ta rasu a 1956 da sankarar jini.

A 1995 aka mayar da gawar Marie hubbaren Panthéon. Masanan da suka auna ta sun tarar radiyam ɗin da ke jikinta bai kai yadda aka zata ba, suka karkata ga cewa hasken na'urar hoton ƙashi, wadda ta riƙa kai wa sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba tare da kariya ba, shi ya fi yi mata lahani.