William Wilberforce, Wanda Ya Yaƙi Cinikin Bayi Saboda Bishara

A cikin sura ta fari ta Farawa mun koya cewa Allah ya halicci mutum cikin kamaninsa, namiji da tamace. A cikin Afisawa 2:8-10 kuma mun ga ceto kyauta ce ta alherin Allah, ba ladan aikinmu ba, amma wanda aka cece shi an shirya shi domin ayyuka nagari. Mutane da yawa suna riƙe da waɗannan koyarwa biyu da baki, ba su kuwa bari su taɓa kasuwarsu ko gidansu ba. Domin wannan za mu duba labarin wani mai bi wanda ya ga ba shi yiwuwa a gaskata su, a kuma yi shiru ana sayar da mutane kamar awaki.

An haifi William Wilberforce ran 24 ga Agusta, 1759, a Hull, wani garin tashar jiragen ruwa a ƙasar Ingila. Ubansa attajiri ne. Yaron kuwa ƙanƙane ne, marar ƙarfin jiki, idanunsa kuma ba su da lafiya sosai, amma Allah ya ba shi murya mai daɗi da harshe mai kaifi. A 1768 ubansa ya rasu, sai aka kai shi wurin ɗan'uwan ubansa da matarsa a Wimbledon, kusa da Landan. Su masu bi ne na gaske, a wurinsu ne kuma ya fara jin bishara a fili. Da uwarsa ta ji labari ta tsorata, gama a zamanin nan manyan mutane suna ganin irin wannan himma ta addini abin kunya ce. Ta komo da shi gida, aka yi ta kai shi wuraren wasa da biki har abin da aka shuka ya zama kamar ya mutu.

A 1776 ya shiga jami'ar Kambirij. Ya gāji dukiya mai yawa, saboda haka bai damu da karatu ba, sai karta da caca da hira har tsakar dare. A can ya san William Pitt, wanda daga baya ya zama Firayim Minista, suka zama abokai. A 1780, yana da shekara 21 kaɗai, aka zaɓe shi wakilin Hull a Majalisar Dokoki, bayan ya kashe fam dubu takwas da wani abu wajen neman ƙuri'a. A 1784 ya zama wakilin dukan lardin Yorkshire. Bisa ga ganin duniya ba abin da ya rasa.

A ƙarshen shekaran nan ya tafi Faransa shan iska, ya ɗauki wani malami mai suna Isaac Milner abokin tafiya. A hanya suka karanta littafin Philip Doddridge a kan yadda bangaskiya ta ke farawa ta kuma yi girma cikin zuciya. A tafiya ta biyu suka karanta Sabon Alkawari da harshen Helenanci. Da fari kansa ne kaɗai ya yarda, daga baya maganar ta sauka cikin zuciyarsa. Ya ga zunubinsa, ya ga shekarun da ya ɓatar da baiwar da ya yi banza da ita, ya yi watanni cikin baƙin ciki, har ya sami salama cikin gicciyen Kristi.

Sai ya yi tunanin barin Majalisa, gama ya zaci mai bi ba shi da abin yi a wurin. A ƙarshen 1785 ya tafi a ɓoye wurin John Newton, wani pasto a Landan wanda ya sani tun yana yaro. Newton ɗin nan dā shugaban jirgin bayi ne, ya san abin da a ke yi a gaɓar Afirka da idonsa. Ya shawarce shi kada ya fita, ya zauna ya bauta wa Allah a inda Allah ya ajiye shi. Wilberforce ya karɓi shawarar, ya kuwa zauna a Majalisa shekara 40 bayan wannan.

A kwanakin nan jiragen Ingila su ne kan gaba wajen ɗaukar bayi daga Afirka ta Yamma zuwa gonakin rake na tsibiran Karebiyan da ƙasashen Amurka. Cikin dukan shekarun wannan ciniki, mutanen da Turawa suka ɗora a jirage sun fi miliyan 12. Akan jera su a ƙarƙashin jirgi da sarƙa, ba wurin miƙewa, da yawa kuma sukan mutu kafin a kai gaci. A 1781 ma'aikatan wani jirgi mai suna Zong suka jefa mutum fiye da 130 cikin teku da rai, masu jirgin kuwa suka nemi a biya su diyyar kayan da suka yi hasara. Dukiyar garuruwa kamar Libaful da Biristol ta dogara ga wannan ciniki, masu shi kuma suna da abokai da yawa a Majalisa.

Ba Wilberforce ne ya fara wannan yaƙi ba, ba kuwa shi kaɗai ya yi shi ba. A 1787 mutum goma sha biyu suka kafa ƙungiya a Landan domin hana cinikin, tara daga cikinsu 'yan ɗarikar Quaker ne. Thomas Clarkson ya yi ta yawo bisa doki yana tattara shaida daga bakin ma'aikatan jirage. Olaudah Equiano, wanda shi kansa ya sha bauta, ya buga labarin ransa a 1789, mutane da yawa suka karanta. Abin da su ke bukata shi ne mai magana dominsu a cikin Majalisa. Wilberforce ya ɗauki wannan kaya, ya rubuta cikin littafinsa na kowace rana cewa Allah ya sa manyan ayyuka biyu a gabansa, watau kashe cinikin bayi da gyaran halin jama'ar ƙasarsa.

Ran 12 ga Mayu, 1789, ya tashi a Majalisa ya yi magana wajen sa'a uku a kan muguntar cinikin. Aka yaba maganar, amma aka ɗaga shari'ar. A farkon 1791 John Wesley, yana bakin mutuwa, ya aika masa da wasiƙa ta ƙarfafawa. A watan Afrilu na shekaran nan aka kada shi da ƙuri'a 163, shi yana da 88. A 1793 yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Faransa, aka riƙa zargin masu son 'yanta bayi da son tawaye. A 1796 aka sāke kada shi, 74 da 70, domin waɗansu magoya bayansa sun tafi kallon wasa a daren. Jikinsa kuma yana ciwo kullum. Duk da haka ya riƙa kawo maganar shekara bayan shekara.

Me ya riƙe shi? A 1797 ya buga littafi inda ya gwada addinin manyan ƙasarsa da bangaskiyar da ke cikin Littafi Mai Tsarki. Ya nuna cewa sun so kyawawan halaye na Kirista, amma sun yar da tushensu, watau lalacewar zuciyar mutum, da fansa ta wurin mutuwar Kristi, da aikin Ruhu Mai Tsarki. Itacen da aka sare saiwarsa ba ya daɗewa da ganye. Masu cinikin suna cewa baƙar fata ba daidai ya ke da Bature ba. Amma Ayyukan Manzanni 17:26 ta koya mana cewa dukan al'ummai daga tushe ɗaya Allah ya yi su. Idan Mahalicci ɗaya ne, Mai Ceto kuma ɗaya, to, wanda ke cikin sarƙa a ƙarƙashin jirgi ɗan'uwa ne, ba haja ba.

Ran 23 ga Fabrairu, 1807, Majalisar Wakilai ta yarda a hana cinikin da ƙuri'a 283, masu ƙi 16 kaɗai. Wakilai suka yi masa sowa, shi kuwa yana zaune yana hawaye. Ran 25 ga Maris dokar ta tabbata. Daga nan jiragen yaƙi na Ingila suka soma kama jiragen bayi suna sauke mutanen a Firitawun ta Saliyo. A 1822 aka kuɓutar da wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi ta wannan hanya. Shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864, ya yi aikin bishara a bakin Kwara. Wilberforce yana cikin waɗanda suka kafa mishan ta C.M.S. a 1799, da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki a 1804, wadda ita ce ta buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Ba za mu ɓoye kasawarsa ba, gama Littafi bai ɓoye ta Dawuda ko ta Bitrus ba. Ya goyi bayan dokokin da suka hana ma'aikatan Ingila haɗa kai su nemi hakkinsu, talakawa da yawa kuwa suka ga ya fi jin kukan na nesa da na kusa. Ya kuma daɗe yana ganin sai a 'yanta bayi sannu a hankali. Dokar 1807 ciniki kaɗai ta hana, waɗanda ke gonaki suna nan cikin bauta.

A 1825 rashin lafiya ya sa ya bar Majalisa, Thomas Fowell Buxton ya ci gaba da aikin. Bayin kansu ba su zauna shiru ba. A 1831 suka tashi a Jamaika ƙarƙashin Samuel Sharpe, wani dikon na ekklesiyar Baptist, wannan kuwa ya girgiza Ingila. Wilberforce ya yi hasarar yawancin dukiyarsa a tsufansa, ya koma zama a gidajen 'ya'yansa ba tare da gunaguni ba. Ran 26 ga Yuli, 1833, aka kawo masa labari cewa ba shakka Majalisa za ta yarda da dokar kashe bauta. Bayan kwana uku, ran 29 ga Yuli, ya rasu. Dokar ta shafi mutum wajen 800,000, ko da shi ke iyayengijinsu ne aka biya fam miliyan 20, su da suka sha wahala ba a ba su kome ba, cikakken 'yanci kuma sai a 1838.

Ya 'yan'uwa, har yau ana fataucin mutane zuwa ƙasashen waje, ana sace su a hanya domin kuɗin fansa, ana kuma kawo yara daga ƙauye su yi aikin gida ba makaranta, ba lada. Ba dukanmu ne za mu shiga majalisa ba, amma kowannenmu yana da wurin da Allah ya ajiye shi. Bari mu karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon da Yaƙub 2:14-26, sa'an nan mu amsa waɗannan tambayoyi tare:

1. Ina dalilin da ya sa Newton ya hana Wilberforce barin Majalisa?

2. Yaya koyarwar halitta ta rushe hujjar masu cinikin bayi?

3. Wanene ke ƙarƙashin hannunmu a gida, ko gona, ko shago, yaya kuma mu ke riƙe da shi?